Idan Takardar Gwaji Ta Ce ESR Ya Hau

A majalisun da ke kewayen Hasumiyar Gobarau, kamar sauran unguwannin cikin birnin Katsina, takardar asibiti ba ta cika komawa hannun likita ba sai ta bi ta hannu uku ko huɗu. Mai ita zai zaro ta daga aljihu bayan la'asar, ya miƙa wa wanda ya fi kowa boko a wurin, shi kuma ya gyara tabarau ya bi ta layi-layi. Inda aka fi cijewa shi ne layin nan mai haruffa uku, ESR, da lamba a gabansa, a ce 48, can gefe kuma an rubuta 0 zuwa 15. Da an ga 48 ta ninka 15 har sau uku, sai hankali ya tashi. Wannan ya ce taifot ne, wancan ya ce sanyi ne ya shiga jini, na uku ya kawo sunan kafson da ya yi wa ƙaninsa aiki bara. Kafin a kira magariba an riga an aiki yaro kemis.

Wannan gaggawar nake so mu rage. ESR gwaji ne mai amfani, mai arha, wanda likitoci suka haura shekara 100 suna aiki da shi, amma ba shi da bakin faɗin sunan cuta. Iyakar abin da yake cewa shi ne, mai yiwuwa akwai kumburi a wani wuri cikin jikin nan, a bincika. Duk wanda ya sha magani saboda lambar kaɗai, a makance ya sha.

In ka ga yadda ake yin gwajin, rabin tsoron zai fita. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗebi jini kaɗan daga jijiyar hannu, kamar mililita 2, ya gauraya shi da sinadarin sitiret mai hana jini daskarewa, kashi huɗu na jini, kashi ɗaya na sinadarin. Sai ya zuƙe shi cikin wani siririn bututu na gilashi ko roba, wanda aka zana wa ma'auni daga 0 a sama zuwa 200 a ƙasa, kowane zane milimita ɗaya. Ya kafa bututun tsaye cak a mazauninsa, ya saita agogo, ya ƙyale shi. A mintoci goma na farko kusan ba ka ganin komai, ja ne daga sama har ƙasa. Can sai wani ruwa mai ɗan rawaya ya fara bayyana a bakin bututun, jan yana sauka sannu a hankali. Duk macen da ta taɓa tace kamu ta san wannan, ƙullu ya kwanta a gindin roba, ruwa ya taso sama. Da awa ɗaya ta cika cif, sai a duba tsawon ruwan da ya taso. In milimita 12 ne a rubuta 12, in 90 ne a rubuta 90. Shi ke nan gwajin. Wasu manyan asibitoci yanzu suna da na'urar da ke ba da sakamako cikin rabin awa ko ƙasa da haka, amma abin da take aunawa bai sauya ba: saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini.

To me ke sa jinin wani ya riga na wani kwanciya? Jajayen ƙwayoyin mai lafiya ba sa son manne wa juna, kowace tana ture 'yar'uwarta, don haka ɗai-ɗai suke sauka, ba gaggawa. Idan jiki yana faɗa da wani abu, ko ƙwayar cuta ce, ko rauni, ko garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita baya, hanta takan ƙara zuba wasu furotin cikin jini, babbansu fibirinojin, garkuwar jiki ma ta ƙara nata. Su ne ke sa ƙwayoyin su jeru ɗaya bisa ɗaya su zama curi-curi, curi kuwa ya fi ƙwaya ɗaya saurin nutsewa. Wannan faɗan na cikin jiki shi likita ke nufi da kumburi, ko da ido bai ga komai ya tashi ba.

Tarihin gwajin ma ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Wani likita ɗan ƙasar Foland, Edmund Biernacki, shi ya fara bayyana shi a 1897. A 1918 Robin Fahraeus na Suwidin ya lura cewa jinin mata masu juna biyu yana saurin kwanciya. A 1921 ɗan ƙasarsu Alf Westergren, wanda ke aiki a kan masu tarin fuka, ya tsara hanyar da har yau ake bi, shi ya sa za ka ga sunansa a wasu takardun gwaji. Ka duba abin nan da kyau. Tun ran gini, gwajin yana hawa a jikin mai ciki lafiyayya da ke jiran haihuwa, yana kuma hawa a jikin mai tarin da ke cinye huhunsa. Bututun bai san bambancinsu ba. Likita ne ya sani, domin shi ya ga mutumin.

Saboda haka abu na farko, kafin ka kalli lambar, kalli mai ita. Adadin da aka saba ɗauka daidai ne shi ne: namijin da bai kai shekara 50 ba, har zuwa 15, mace mai irin waɗannan shekaru, har zuwa 20, namijin da ya haura 50, zuwa 20, macen da ta haura 50, zuwa 30, yara kuwa ba su cika wuce 10 ba. Matsalar ita ce takardu da yawa ma'auni ɗaya suke bugawa a gefe, ba ruwansu da jinsi ko shekaru. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da wasu likitoci a Ingila suka wallafa a 1983, wadda za ka iya lissafawa da ka: namiji ya raba shekarunsa biyu, mace ta ƙara goma a kan nata sannan ta raba biyu. Abin da ya fito shi ne kusan iyakar lambar da ba ta da damuwa. A ɗauka Hajiya tana da shekara 70. Ƙara goma, 80 ke nan, raba biyu, 40. In takardarta ta ce 35, tana cin tuwonta, tana zuwa unguwa, ba zazzaɓi ba rama, to babu abin tashin hankali. Amma saurayi ɗan shekara 24, nasa lissafin 12 ne. In shi ya zo da 35 ɗin nan, ga tari, ga gumin dare, wannan magana ce daban, ba ta kwana ba ce.

Mai juna biyu kuwa, ni a ganina, in ba da wani dalili na musamman da likita ya gani ba, kuɗin ESR ɗinta gara a sayo mata ƙwai da ganye. Tun daga wajen wata na huɗu lambar ke fara hawa, a watannin ƙarshe tana iya wuce 50 alhali lafiya lau, ba ta kuma sauka sai bayan makonni da haihuwa. An sha ɗora wa mata masu ciki magungunan kashe ƙwayoyin cuta saboda wannan lamba, a ce musu sanyi ne, wasu magungunan ma ba su dace da ciki ba. 'Yar'uwa, in an ce miki ESR ɗinki ya hau kina da ciki, kai takardar wurin awo, ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa ne ko wanda ya fi kusa da ke, a haɗa ta da gwajin fitsari da awon jini da na hawan jini. Su ne masu magana a wannan lokacin.

Ƙarancin jini shi ne babban abin da ke ruɗa mutane a wajenmu, kuma ba a cika kawo shi a lissafi ba. Idan jajayen ƙwayoyi suka yi kaɗan, hanya ta buɗe musu a cikin bututun, sai su sauka da sauri ko da babu kumburin komai. Ga mu kuwa a ƙasar da damina ke zuwa da zazzaɓin cizon sauro, ga haihuwa kusa-kusa, ga tsutsar ciki a jikin yara, ga abincin da ba kullum ke da nama ba. Don haka kada ka yarda a karanta maka ESR ba a dubi layin PCV ko na himogulobin, masu nuna yawan jini, ba. In PCV ya yi ƙasa, wani kaso na hawan daga nan yake, kuma tambayar da ta kamata ta zama: me ya shanye jinin? Ciwon ƙoda da ya daɗe yana ɗaga lambar, ƙiba mai yawa ma haka, kwanakin al'ada da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa su ma suna ɗan taɓa ta.

Yanzu ga inda na fi so iyaye su ba ni kunne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar masu amosanin jini, wato sikila, kuma da wuya ka sami unguwa a Katsina da babu gidan da ke fama da shi. A jikin mai sikila gwajin nan juyawa yake yi. Ƙwayoyinsa sun lanƙwashe, ba sa jeruwa su yi curi yadda na sauran mutane ke yi, saboda haka lambarsa takan zauna a ƙasa, ko da yake kusan kullum jininsa a ƙarance yake. Ma'ana, yaro mai sikila yana iya zuwa da zazzaɓi, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ƙwayar cuta ta shiga ƙashi, amma takarda ta nuna lambar da ba ta kai ta firgita kowa ba. Uba ya duba ya ga 9, ya ce alhamdu lillahi, ciwon da ya saba ne, a shafa man zafi. Wannan kuskure ne mai tsada. Masu sikila suna da saurin kamuwa da ciwon ƙashi na ƙwayoyin cuta, kuma zazzaɓi a jikinsu ba abin jira ba ne. Jikin yaron ya yi zafi, ko numfashinsa ya sauya, ko ya yi fari fat, ko wuri ɗaya a ƙashi ya dage da ciwo, a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, kowace lamba takarda ta nuna. A kuma faɗa wa likita da ma'aikacin gwaji tun farko cewa mai sikila ne, kada a bar su su gano da kansu.

Ba sikila kaɗai ke danne lambar ba. Magungunan da muke saye a kemis don ciwon jiki, irin su firednisolon da deksametason, suna kwantar da kumburi, su sauke ESR, ciwon kuwa yana nan a ƙasa yana aikinsa. Dattijon da ya yi wata biyu yana haɗiyar haɗin ƙwayoyin da aka ƙulla masa a leda don ciwon gwiwa, in ya je gwaji bai faɗa ba, ya ɓatar da likitansa. Gwajin da ya fito daidai kuma ba shaidar lafiya ba ce. Ana samun mai ciwon daji da ESR ɗinsa bai motsa ba. Shi ya sa ba na goyon bayan mutum lafiyayye ya je ya ce a yi masa ESR don ya san halin da jikinsa ke ciki. In lambar ta hau kaɗan ya sayo wa kansa zullumi, in ba ta hau ba ya sayo kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

To yaushe ne lambar ke da nauyi? Idan ta yi tsalle sosai, musamman ta haura 100, da wuya a rasa dalili mai ƙarfi. Manyan abubuwan da likita zai nema su ne ƙwayar cuta da ta yi zaune a jiki, ciwon daji, cututtukan da garkuwar jiki ke cin mai ita, da ciwon ƙoda.

A ƙasarmu tarin fuka ne ke kan gaba a zuciyar likita, da dalili, domin Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu shi. Amma ESR ba ya tabbatar da tibi, wato tarin fuka, ba ya kuma kore shi. Wanda ya yi mako biyu yana tari, ga zazzaɓin yamma, ga gumi da dare, ga wando yana faɗuwa, majinarsa za a gwada. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano ƙwayar cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko mai bijire wa babban maganin ce. Gwajin majina da maganin wata shida kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kana iya tambayar sashen a Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka daɗe ana kira FMC. A nan ne saurin zuwa kemis ke yin ɓarnar da ta fi kowace. Magungunan dangin Cipro, waɗanda ake rabawa da sunan taifot, suna ɗan taɓa ƙwayar tibi. Mai tari zai sha na kwana biyar ya ji sauƙi-sauƙi, ya ɗauka ya warke, ya koma ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. Bayan wata biyu ciwon ya dawo da ƙarfinsa, an yi asarar lokaci, wataƙila an harbi wani, ƙwayar kuma ta fara sabawa da maganin da wata rana za a buƙata. Ka tuna kuma tibi ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Yana shiga ƙashin baya, mutum ya yi watanni yana ciwon baya ana ta yi masa ɗori da tausa.

Dattijo ko dattijuwa da ta haura 50, ga ciwon baya ko na haƙarƙari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga jini yana ta raguwa, ga ESR sama da 100, likita zai yi tunanin wani ciwon daji na ɓargo da ake kira mayeloma, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata. Gwaje-gwajensa na manyan asibitoci ne, in aka tura ku can kada ku ce an raina asibitin unguwa. Mai ciwon suga da ke da gyambo a ƙafa, in lambarsa ta wuce 70, akwai fargabar ciwon ya kai ƙashi, sai an ɗauki hoto. Yaron da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku gaɓoɓinsa suka shiga kumbura, yau gwiwa gobe idon sawu, ESR na cikin abubuwan da ake haɗawa a gane zazzaɓin nan da ke lalata ƙofofin zuciya. A duk waɗannan, labarin ciwon ne ya fara nuna hanya, lambar ta zo ta ƙara masa ƙarfi.

Sai kuma batun da mutanen ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole ne. An tsara gwajin ne a yi shi a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 18 da 25. A Katsina, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yana haura digiri 40, ɗakin kwano mara na'urar sanyaya iska kuwa ba ya nisa da haka. Zafi yana ƙara wa jini saurin kwanciya, sai lamba ta fito sama da gaskiyarta. Sanyin hunturu da sassafe kuma yana iya jan ta ƙasa. Bututun in ya karkace da digiri 3 kacal, abin da ido ba zai kama ba, sakamakon yana iya ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100. Girgizar janareta, ko ta injin juya jini da ke kan teburi ɗaya da bututun, ko hasken rana da ke shigowa ta taga ya sauka a kansa, ko kumfar iska a cikinsa, duk suna ɓata aikin. Jinin da ya daɗe a ajiye shi ma ba ya faɗin gaskiya. Ana so a kafa shi cikin awa biyu da ɗiba, in an daɗe awa huɗu. Bayan haka ƙwayoyin sukan sauya siffa su ƙi jeruwa, sai lambar ta fito ƙasa.

Me mai zuwa gwaji zai yi da wannan? Abu ne mai sauƙi. Je da safe, musamman a bazara. Ba a buƙatar ka ƙi karyawa saboda ESR, sai dai in an haɗa shi da gwajin suga ko wani da ke buƙatar haka. Kafin a soka allura ka yi tambaya cikin ladabi: “Malam, a nan kuke yinsa ko aikawa kuke yi?” Akwai ƙananan wurare da ke ɗibar jini su tara, sai rana ta take a ba ɗan acaɓa ko mai Keke Napep ya ratsa gari da shi zuwa wani ɗakin gwajin. Ga wasu gwaje-gwajen wannan ba laifi, ga ESR kuwa gara ka taka da ƙafarka zuwa inda bututun yake. In aka ce hanyar Westergren ake bi, ba na'ura, amma aka miƙo maka sakamako bayan minti ashirin, akwai abin tambaya. Ka kuma duba ko wurin yana da rajistar MLSCN, majalisar da dokar 2003 ta ɗora wa alhakin kula da ɗakunan gwaje-gwajen lafiya a Najeriya. Masu rajista ba sa ɓoye takardarsu, a bango suke liƙa ta.

'Yan'uwa ma'aikatan ɗakin gwaji, musamman matasa masu sanin makamar aiki, ku ma ina da roƙo. Na san layi yana da tsawo, wuta kuma sai an ga dama. Amma karanta bututu a rabin awa a ninka biyu ba ya ba da amsar awa ɗaya, domin jini ba da gudu ɗaya yake sauka daga farko zuwa ƙarshe ba: yana jinkiri a farko, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a ƙarshe. Ku nema wa mazaunin bututun teburinsa daban, nesa da taga da injin juyi, ku rubuta lokacin ɗiba a jikin kwalba, ku kuma sa shekaru da jinsin majiyyaci a takarda. Lambar da kuka rubuta da biro cikin daƙiƙa biyu, wani gida da ita za a kwana ana juyi.

Za ka ji likita wani lokaci ya ce a ƙara da CRP. Ba neman kuɗinka yake ba. CRP furotin ne da hanta ke fitarwa, ana auna shi kai tsaye, yana tashi cikin awoyi shida zuwa takwas da fara kumburi, yana kuma faɗuwa da sauri in magani ya kama. Ƙarancin jini da siffar ƙwayoyi ba sa ruɗa shi, shi ya sa ya fi dacewa da mai sikila da mai ciki da ciwon da ya taso jiya. ESR mai nauyin jiki ne, yana ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ya tashi, makonni kafin ya sauka. Wannan jinkirin nasa shi ne amfaninsa wajen bibiyar ciwon da ke ɗaukar watanni, irin amosanin gaɓɓai da ciwon ƙashi. Shi ne kuma dalilin da ya sa bai kamata ka koma gwaji bayan kwana uku da fara magani ba. Za ka tarar da lambar tana nan inda ka bar ta, ka ce maganin jabu ne ko likitan bai iya ba, ka sauya asibiti, alhali jikinka ya riga ya kama hanyar sauƙi.

Idan ka shiga wurin likita da takardar, kada ka ajiye ta a teburi ka yi shiru kana jiran hukunci. Ba shi labarin daga tushe: yaushe abin ya fara, akwai zazzaɓi ko babu, ka rame ko ba ka rame ba, wa ke tari a gida, me ka sha, na asibiti da na gargajiya duka. Sannan ka yi tambaya, ba rashin kunya ba ce. “Likita, don Allah me kake zargi da ka sa a yi wannan gwajin? Tunda ya hau, wane gwaji ne zai biyo baya? Yaushe zan maimaita?” Likitan kirki zai ji daɗin tambayoyin. In ya duba ka sarai ya ce hawan kaɗan ne, bai ga komai ba, ka dawo bayan wata ɗaya ko biyu a sake, to wannan ma shawara ce ta ilimi, kada ka fita kana cewa bai ba ka ko farasitamol ba. Sau da yawa mura ce ko zazzaɓin da ya wuce ya bar sawunsa a jini, kafin ka dawo lambar ta sauka da kanta.

In za a maimaita, a koma ɗakin gwajin da aka yi na farko, a kusan lokaci ɗaya na yini, domin lambar na'ura da ta bututu ba kullum suke daidaita ba, ta safe a ɗaki mai sanyi da ta azahar a ɗakin kwano ma haka. A adana takardun duka a jaka ɗaya bisa jerin kwanan wata. Likita ya fi ƙaruwa da ganin 85, sannan 60, sannan 38 a jere, fiye da ganin 38 ita kaɗai, domin 38 da ta sauko daga 85 albishir ce, wadda ta hau daga 10 kuwa tana neman bincike. Idan kuma Baba ko Inna za a kai asibiti, kada a haɗa su da ƙaramin yaro don ya riƙe musu kati kawai. A samu babba wanda ke kwana gida ɗaya da su, wanda ya san tun yaushe abinci ya fita ransu, ya zuba duk magungunan da suke sha a leda, har da jiƙe-jiƙen, ya tafi da su tare da tsofaffin takardun.